WA AKA ZALUNTA, WANE NE JARUMI?

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, ƙungiyar muhawara ta makarantarmu ta yi wani zama wanda ba mu ne muka shirya shi ba. An tashi daga muhawarar ranar, ana mai da kujeru, sai gardama ta kaure tsakanin 'yan babban aji a kan wani wasan kwamfuta mai suna Dragon Age. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa yin wasan da hannunsu, a gidajen 'yan'uwa cikin birni lokacin hutu. Sauran sun kalli yadda ake yinsa ne kawai a waya. Duk da haka suka rabu gida biyu. Waɗansu suka ce masu sihirin da ke cikin labarin zaluntarsu ake yi, waɗansu kuma suka ce a'a, tsare jama'a ake yi daga sharrinsu. Har aka kaɗa ƙararrawar cin abinci babu wanda ya motsa.

Da fari mu malamai mun yi niyyar korarsu, gama muna ganin wasa ne kawai na cinye lokaci. Amma da muka kasa kunne, sai muka ji tambayar da suke ja a kanta ba baƙuwa ba ce a Gude, ko a ƙasar Kabo da Gwarzo baki ɗaya. Tambayar ita ce: idan an ce wane mugu ne, wane kuma jarumi ne, wa ya faɗa, kuma da wace shaida? Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wannan bayani domin ɗalibai, da iyaye, da 'yan ikilisiya waɗanda ba su san abin da yaran ke magana a kai ba.

Yadda Wasan Yake

Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a ƙasar Kanada ne ya ƙago wannan wasa. Kashi na farko ya fito a 2009, na biyu a 2011, na uku a 2014, na huɗu kuma a 2024. Wasan kamar doguwar tatsuniya yake, sai dai mai yinsa ba sauraro kawai yake yi ba. Shi ne jarumin, kuma a wurare da yawa shi ke zaɓar abin da za a yi, labarin ya bi zaɓinsa.

Labarin yana faruwa ne a wata ƙagaggiyar duniya da aka sa wa suna Thedas. A can akan haifi waɗansu mutane da ikon sihiri a jikinsu, ba saya suka yi ba, ba kuma roƙo suka yi ba. Ikon yana zuwa musu daga duniyar mafarki, inda iskoki ke zaune. Haɗarinsa shi ne, mugun iska yana iya shiga jikin mai sihiri ya mai da shi dodo mai kisa. Saboda haka shugabannin addinin ƙasar suka kafa doka, cewa duk yaron da aka ga alamar sihiri gare shi, a raba shi da iyayensa a kai shi wani gidan tsaro da ake kira Da'ira. A can zai zauna yana koyon sarrafa ikonsa, waɗansu dakaru da ake kira Templar suna gadinsa dare da rana.

Zaman Da'ira ba daɗi. Akan ɗebi jinin kowane yaro a ajiye cikin kwalba, domin in ya gudu a bi sawunsa da shi. In ya girma akan jarraba shi, a tura shi duniyar mafarki ya kara da mugun iska. In iskan ya rinjaye shi, masu gadi su kashe shi nan take. Wanda kuma aka ga ba zai iya ba, ko ake jin tsoronsa, sai a yanke shi daga duniyar mafarki ɗungum. Daga ranar ba ya mafarki, ba ya murna, ba ya baƙin ciki, yana rai amma kamar kututture. In kuwa aka ga Da'ira ta lalace, masu gadi suna da hanyar neman izini su hallaka kowa da ke ciki, mai laifi da marar laifi.

Wanda ya ji wannan zai ce ai zalunci ne ƙarara. Amma masu tsara labarin ba su bar shi haka da sauƙi ba. Sun nuna wata daula mai suna Tevinter inda masu sihiri ne ke mulki, suna riƙe da bayi, waɗansunsu har suna tsafi da jinin mutane. A kashi na farko kuma akwai wani yaro ɗan sarauta a garin Redcliffe wanda uwarsa ta ɓoye sihirinsa don kada a raba ta da shi. Mugun iska ya shige shi, mutanen garin da yawa suka hallaka. Ashe tsoron da jama'a ke ji ba na banza ba ne.

A kashi na biyu abin ya kai maƙura a birnin Kirkwall. Shugabar masu gadi, Meredith, ta tsananta wa masu sihiri ƙwarai, ita kuwa tun tana yarinya 'yar'uwarta mai sihiri ta zama dodo ta kashe iyalinsu. Wani mai sihiri kuma, Anders, wanda ke yi wa matalauta magani kyauta, ya gaji da ganin wahalar 'yan'uwansa, ya tarwatsa babban ɗakin ibadar birnin da mutanen da ke ciki. Meredith ta ce a kashe dukan 'yan Da'ira, alhali ba su ne suka yi ba. A nan ne ake tilasta wa jarumin, mai suna Hawke, ya zaɓi inda zai tsaya. A nan ne kuma ɗalibanmu suka rabu.

Abin Da Ya Sa Hasashe Ba Ya Ƙarewa

Ma'abota wannan wasa a ƙasashe da yawa sun yi shekaru suna hasashe da kintace a kansa. Da muka duba, mun ga dalilai uku.

Na farko, mai ba da labarin ba abin dogara ba ne ɗari bisa ɗari. Kashi na biyu gaba ɗayansa wani mai suna Varric ne ke ba da shi, yayin da wata jami'a mai suna Cassandra ke yi masa tambayoyi. Shi abokin Hawke ne, kuma mai son ƙara gishiri. A cikin wasan ma sai da Cassandra ta katse shi ta ce ya daina ƙari ya faɗi gaskiya. Haka nan takardun tarihin da mai wasa ke tsinta a hanya, kowace akwai wanda ya rubuta ta, malamin addini ne ko mai gadi ko mai sihiri, kowa kuwa yana jan ruwa zuwa gonarsa. Dole mai wasa ya auna.

Na biyu, jarumai sukan ɓace. A ƙarshen kashi na 2011 an nuna cewa ba a san inda Hawke yake ba, haka ma jarumin kashi na farko, wanda ya ceci ƙasar Ferelden. Shekara uku masoya wasan suna ta kintace: sace su aka yi, ko haɗuwa suka yi a ɓoye, ko wani babban yaƙi suke shiryawa? Da kashi na 2014 ya fito, sai amsa ta zo ba kamar yadda da yawa suka zata ba. Ashe Varric ya san inda Hawke yake, ɓoye shi ya yi don ya tsare abokinsa. Jarumin farko kuwa, in ya rayu a labarin mai wasa, ya tafi neman maganin wata cuta ce da ke jiran duk 'yan ƙungiyarsa. Hasashe da yawa suka zube.

Na uku, sunan da mutum ke yawo da shi, sau da yawa maƙiyansa ne suka raɗa masa. A kashi na uku akwai wani mai sihiri mai sanyin magana, Solas, wanda ke tafiya tare da jarumin. A ƙarshe aka gane shi ne wanda tatsuniyoyin kabilarsa ke tsine wa a matsayin maci amana. Daga baya kuma aka bayyana cewa tawaye ya yi wa azzaluman shugabanni yana 'yanta bayi, su ne suka ɓata masa suna. Sai dai kafin a gama tausaya masa, aka ji yana shirin wani aiki da zai hallaka duniyar da ake ciki domin ya maido da ta dā. Masoya wasan suka yi shekara goma, daga 2014 zuwa 2024, suna gardamar ko mai ceto ne ko mai hallakarwa.

Mu Ma Muna Da Namu

Kada ɗalibai su ɗauka wannan irin hasashe da kwamfuta ya zo. Tun kafin a san lantarki, kakanninmu suna yin sa a dandali. In an gama tatsuniya an ce ƙurunƙus, sai yara su ɗora da gardama, shin Gizo wayo ya yi ko cuta. Tarihinmu ma cike yake da irin waɗannan wurare.

Mu ɗauki labarin Bayajidda. Kowane ɗan firamare ya san baƙon da ya zo Daura, ya kashe macijin rijiyar Kusugu wanda ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka sami Hausa Bakwai. Rijiyar tana nan har yau ana zuwa kallo. Amma wane ne shi? Labarin baka ya ce ɗan sarkin Bagadaza ne. Waɗansu masana tarihi sun danganta shi da Abu Yazid, wanda ya yi wa sarakunan Faɗimiyya tawaye a Afirka ta Arewa aka kashe shi a 947. Waɗansu sun ce sunan daga "ba ya ji dā" ne, watau wanda ba ya jin Hausa a dā. Waɗansu kuma suna ganin ba mutum ɗaya ba ne, hanya ce ta bayyana yadda sarauta ta tashi daga hannun mata ta koma hannun maza. Ga jarumi ɗaya, ga hasashe huɗu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Barbushe. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya fara ne da mutanen Dutsen Dala. Ya nuna Barbushe ƙato ne mafarauci, shi ne babban mai hidimar Tsumburbura, shi kaɗai ke shiga wurin tsafin, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da zai faru a shekara. Har ya faɗa musu cewa wani zai zo ya mallake su. Bisa lissafin Palmer, Bagauda ya fara sarauta a 999. Daga nan aka yi ta ja-in-ja tsakanin gidan sarauta da masu tsafin Dala, har zamanin Sarki Tsamiya, 1307 zuwa 1343, wanda ya rushe wurin tsafin. A zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Abin lura kuma, littafin ya nuna Sarki Kanajeji, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, sai da ya koma neman taimakon masu tsafin da kakanninsa suka murƙushe.

Masana da yawa suna ganin an haɗa wannan littafi yadda muka san shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, a kusa da fada. Watau ɗaruruwan shekaru bayan abin ya faru, kuma daga bakin waɗanda suka yi nasara. Mutanen Barbushe ba su bar mana rubutu ko layi ɗaya ba. Ba muna cewa littafin ƙarya ne ba, yana da daraja ƙwarai. Muna cewa ne mai karatu ya tuna da wanda ya riƙe alƙalami, kamar yadda mai wasa ke tunawa cewa Varric ne ke magana.

Sunan Maguzawa

Da yawa daga cikinmu a wannan yanki, in muka ƙirga kakanni biyu ko uku baya, Maguzawa za mu tarar. Daga ina sunan ya fito? A nan ma akwai hasashe. Labarin da aka fi ji a kasuwa shi ne na wani mutum wai shi Bama, wanda ya ga salla ta yi masa yawa ya gudu, aka ce Bama ya guje, sai ya zama Bamaguje. Labari ne mai daɗin ba'a, amma masana harshe da yawa suna ganin sunan daga kalmar Larabci Majus ya fito, wadda muke cewa Majusawa.

Ita kuwa wannan kalma doguwar tafiya ta yi. Asalinta sunan firistocin tsohuwar ƙasar Farisa ne. Helenawa suka ara suka ce magos, Larabawa suka ce Majus. Malaman Musulunci suka riƙa kiran waɗansu al'ummai da ba Yahudawa ba, ba Kirista ba da wannan suna, wanda ya ba su damar zama cikin ƙasa da amana suna biyan jiziya. Da haka Hausawan da suka riƙe al'adar gargajiya suka zauna a masarautar Kano suna noma. A wajen Maraɗi da sauran ƙasar Nijar, Azna ake ce wa irinsu. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946.

Ga abin da zai ba ɗalibai mamaki. Kalmar Turanci da wasan nan ke kiran masu sihiri da ita, watau mage, daga wannan magos ɗin ta fito. In bayanin masana harshe daidai ne, to sunan waɗanda aka kulle a Da'ira da sunan kakanninmu reshe biyu ne na itace ɗaya. Kuma a Sabon Alkawari na Helenanci, wannan kalma ce aka kira masanan nan na gabas da ita, waɗanda suka bi tauraro suka zo Baitalami da kyautai a Matiyu sura 2. Ita ce kuma aka kira Alimas da ita, mai sihirin da ya yi hamayya da Manzo Bulus a tsibirin Kubrus, a Ayyukan Manzanni sura 13. Suna ɗaya, waɗansu sun durƙusa a gaban Almasihu, wani ya yi gāba da bishara. Ashe suna ba ya faɗin abin da ke zuciyar mutum. Mu da muka sha jin an kira mu da sunan raini, ya kamata mu fi kowa sanin haka.

Inda Hasashe Ke Zama Wuƙa

Hasashe a kan Hawke ko Bayajidda ba ya cutar kowa. In ka yi kuskure, dariya za a yi maka a wuce. Amma akwai wani irin hasashe da ake yi a ƙauyukanmu wanda ke ɗauke rai, shi ne zargin maita.

Duka mun san yadda abin yake tafiya. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya fara sambatu, ya ambaci sunan wata tsohuwa. Nan take a ce ta kama kurwarsa. A tuna cewa ta taɓa kallonsa a bakin rijiya, a tuna cewa an taɓa faɗin haka a kan uwarta, gama an ɗauka maita gado ce, wai ƙanƙara ce a ciki. Sai a taru a ƙofarta, a tilasta mata ta zo ta tsallake marar lafiya. In ta ƙi, an ce ta tabbata mayya. In ta yarda, an ce ta amsa laifi. In yaron ya warke, an ce ta sake shi. In ya mutu, an ce ta cinye shi. Ku duba da kyau, babu ƙofar da aka bar mata ta fita. Bayan haka 'ya'yanta mata su rasa masu aure, a daina sayen ƙosanta, yara su riƙa cewa "kurwata kur" in ta wuce.

Alhali kuwa ɗaliban kimiyya sun san zazzaɓin cizon sauro in ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan kawo sambatu da jijjiga, haka ma sanƙarau da ke yawaita lokacin zafi. Sa'o'in da aka ɓata a ƙofar tsohuwa, su ne ya kamata a ce an yi a hanyar asibiti. Mu kuma lura da waɗanda ake zargi. Ba a cika nuna mai kuɗi ko mai 'ya'ya maza ƙarfafa ba. Gwauruwa ce, ko tsohuwar da hankalinta ya fara raunana, ko baƙo, ko maraya. Inda katanga ta gajarta nan ake tsallaka.

Wannan ba labarin dā ba ne. A 2023, a wani ƙauye na Jihar Kano, waɗansu maza suka bi wata tsohuwa 'yar shekara 67 har gonarta suka kashe ta, saboda matar ɗayansu ta yi mafarkin tana bin ta da wuƙa. A watan Fabrairu na 2025 kotu a Kano ta yanke wa mutum 5 hukuncin kisa a kan wannan. Mafarki ɗaya ya hallaka rai guda, ya jefa gidaje biyar cikin makoki. Dokar Final Kod ta Arewacin Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa laifi ne mutum ya yi iƙirarin shi maye ne, laifi ne kuma ya zargi wani da maita. A Yuli 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na yin tir da cutar da mutane saboda irin wannan zargi.

A nan ne wasan da rayuwa suka rabu. A cikin Thedas sihirin a fili yake, ana ganin wuta na fita daga hannu, don haka tsoron masu gadi yana da madogara, duk da haka ɗalibanmu da yawa suka ga kisan marasa laifi bai dace ba. To ina ga tsohuwar ƙauyenmu, wadda babu shaida a kanta sai mafarki da sambatun zazzaɓi? Wanda ya ji tausayin 'yan Da'ira a waya, ya dawo gida hutu ya shiga cikin masu jifan ƙofar maƙwabciya, bai fahimci kome ba.

Abin Da Littafi Mai Tsarki Ya Koya Mana

Kada wani ya ce muna wanke tsafi. Littafi Mai Tsarki ya hana duba da sihiri da neman matattu, kamar yadda yake a Maimaitawar Shari'a sura 18. A Afisa, waɗanda suka tuba sun tara littattafan sihirinsu suka ƙone a gaban jama'a, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000, in ji Ayyukan Manzanni sura 19. Amma mu lura, su da kansu suka kawo, kuma littattafai aka ƙone, ba mutane ba. Siman mai sihiri na Samariya, da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya tsauta masa ƙwarai ya ce ya tuba, bai tara masa jama'a da duwatsu ba.

Littafin da ya hana sihiri, shi ne ya hana shaidar zur a cikin Dokoki Goma. Shi ne ya ce ba a tabbatar da laifi sai da shaidu biyu ko uku, a Maimaitawar Shari'a sura 19. Karin Magana sura 18 ta nuna cewa wanda ya fara kai ƙara shi ake gani da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo an bincika. Nikodimu ma ya tuna wa 'yan majalisa, a Yahaya sura 7, cewa shari'a ba ta hukunta mutum kafin a ji daga bakinsa. Ubangijinmu Yesu kansa an zarge shi da cewa da ikon sarkin aljanu yake fitar da aljanu. Mai bin Almasihu ya san yadda wannan zargi yake, gama an ɗora wa Maigidansa.

Akwai kuma Sarki Saul, a 1 Sama'ila sura 28. Ya kori masu duba daga ƙasar, amma da yaƙi ya matsa masa, sai ya ɓad da kama ya tafi wurin wata mai duba a Endor da dare. Mun ga irin haka a labarin Kanajeji. Muna ganinsa kuma a yau, mai tsine wa boka da rana, da dare a ga takalminsa a ƙofar boka. Tsoro ne ke sa duka biyun, zargi da kuma rataya laya. Wanda ya dogara ga Almasihu ba ya bukatar ko ɗaya.

Ga masu goyon bayan Anders kuma muna da magana. A cikin labarin, wani iska mai suna Adalci ne ya shiga jikinsa, amma fushin da ke zuciyarsa ya juyar da shi ya zama Ramuwa. Zaluncin da aka yi wa mutanensa gaskiya ne, amma waɗanda suka mutu a ɗakin ibada ba duka ne suka zalunce shi ba, kuma 'yan'uwansa ne suka fara shan wuyar abin da ya yi. Wanda aka zalunta ba ya zama jarumi don kawai an zalunce shi. Romawa sura 12 ta koya mana mu bar wa Allah ramuwa, mu rinjayi mugunta da nagarta. A ƙasa irin tamu, inda muke zaune da maƙwabta Musulmi da masu al'adar gargajiya, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, wannan darasi ba na wasa ba ne.

Kammalawa

Ga iyaye muna cewa, wannan wasa na manya ne, masu tantance wasanni a Turai sun sa wa kashi uku na farko shekara 18, akwai zub da jini da waɗansu abubuwan da ba su dace da yara ba. Ba muna tallarsa ba ne, kuma dokar makaranta a kan waya tana nan daram. Amma in kun ji 'ya'yanku suna irin wannan gardama, ku zauna ku ji, sa'an nan ku ba su labarin kakanninsu, domin abin da ba a faɗa ba yakan bi tsofaffi kabari.

Ga ɗalibai kuma, ba mu hana ku hasashe ba, gama yana wasa ƙwaƙwalwa. Sai dai ku riƙe tambayoyi uku duk inda kuka ji an ce wane mugu ne. Wa ke ba da labarin? Mece ce shaidarsa? An ji daga bakin wanda ake zargi? Ku yi wa littafin tarihi waɗannan tambayoyi, ku yi wa saƙon da ke yawo a waya, ku yi wa jita-jitar ɗakin kwana.

Masu kammala karatu a bana, ba da daɗewa ba za ku koma Gude, da Kabo, da Getso, da Gwarzo, a riƙa cewa ga 'yan boko sun dawo. Wata rana yaro zai yi sambatu a unguwarku, jama'a su nufi ƙofar wata tsohuwa. Muna roƙon Allah ya ba ku zuciyar da za ku tsaya a ƙofar nan, ku ce a kai yaron asibiti tukuna. Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku. Amin.